Tsofaffin bindigogin 'yan sanda: ƙarfen ake tarawa ko tarihinsa?

Tambaya: Wani ɗan'uwa mazaunin jihar Teksas ta Amurka ya rubuto cewa ya shiga wani shagon sayar da bindigogi, ya tarar da kanta guda cike da ƙananan bindigogin da aka ce 'yan sanda ne suka gama aiki da su, farashinsu kuma ƙasa da na sababbi nesa ba kusa ba. Sha'awar tarihi ta sa yana son ya fara tarawa. Yana tambaya: daga ina suke fitowa, ta yaya zai gane ta gaske, kuma mutum zai iya sanin inda bindiga ta yi aiki?

Amsa: Malam, sannu da wannan tambaya. Bari in fara da doka a taƙaice, don ita ce ƙofar shiga. A Amurka, ɗan ƙasa da mai katin zama na dindindin suna iya saye daga dillali mai lasisi, a cike fom mai lamba 4473, a binciki sunan mutum kafin a miƙa masa. Wanda yake zaune da bizar karatu ko ta ziyara, dokar tarayya ta hana shi riƙe bindiga sai da wasu keɓantattun sharuɗɗa, don haka ka tabbatar da matsayinka tukuna. Masu karatu daga Najeriya kuwa su sani wannan sha'awa ba ta da wuri a gida: Dokar Makamai ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin jerin makaman da ba a mallaka sai da lasisin Shugaban Ƙasa, kuma bindigar 'yan sanda da ta fita hannun hukuma a can, sata ce ko fashi. A Ingila ma an haramta wa farar hula yawancin ƙananan bindigogi tun 1997, bayan kisan yara a wata makaranta a garin Dunblane na Sikotilan. Maganar da zan yi, maganar kasuwar Amurka ce.

Abin da ka gani a kantar nan, musaya ce ta kawo shi. Rundunar 'yan sandan wani gari ko wata jiha idan za ta sauya makamai, ba kasafai take biyan cikakken kuɗin sababbi ba. Sai ta miƙa tsofaffin ga babban dillali, a yi musu kuɗi, a cire daga farashin sababbin. Dillalin ya ware su aji-aji gwargwadon lafiyarsu, ya rarraba wa ƙananan shaguna. Shi ya sa suke zuwa a tare: wata guda ka ga ko'ina samfuri ɗaya ne, bayan 'yan watanni ka neme shi ka rasa. Duk wata ambaliya ta irin wannan, akwai abin da ya faru da ya jawo ta, kuma wanda ya san waɗannan abubuwa ya riga ya san rabin sana'ar.

Kusan shekara saba'in zuwa tamanin, ɗan sandan Amurka libarba mai harsashi shida yake ratayawa. Tun 1896, lokacin da Theodore Roosevelt yake shugabantar hukumar 'yan sandan birnin Niyok, aka sayo wa rundunar Colt New Police mai harsashi .32 don kowa ya riƙe iri ɗaya. A 1899 kamfanin Smith & Wesson ya fito da wadda ya kira Military & Police, wadda daga 1957 ta koma Model 10, mai cin harsashi .38 Special. An ƙera sama da miliyan 6 nata. Colt ya yi gogayya da ita da Official Police daga 1927 zuwa 1969. 'Yan sandan jihar Illinois ne babbar runduna ta farko da ta bar libarba ta koma fistol mai harsashi 9mm, wato S&W Model 39, a 1967, amma shekaru suka wuce ba wanda ya bi sahunsu sosai.

Ranar 11 ga Afrilu 1986 ce ta girgiza lamarin. A Miyami jami'an FBI suka yi musayar wuta da 'yan fashin banki biyu. Jami'ai biyu suka mutu, biyar suka ji rauni. Hukumar ta ɗora wani ɓangare na laifin kan raunin harsashi, ta koma 10mm da S&W Model 1076, wadda ba ta daɗe a hannunsu ba. Daga nan aka haifi harsashi .40 S&W a 1990. A tsakanin waɗannan shekaru kamfanin Glock ya shigo kasuwa da tayin musaya mai daɗi, rundunoni suka yi ta zubar da libarba dubbai. Wannan ce ambaliyar farko, kuma yawancin Model 10, 15, 19, 64 da 66 da ke yawo yau daga ita suka fito. Ta biyu ta zo ne bayan FBI ta sake komawa 9mm, ta ƙulla kwangila da Glock a 2016. Rundunoni suka bi ta, sai Glock 22 da SIG P229 da S&W M&P masu harsashi .40 suka cika shaguna. Ina kyautata zaton su ka gani a Teksas.

Akwai kuma rafi na uku da ke gangarowa daga Turai. Bayan harin da aka kai wa 'yan wasan Isra'ila a gasar Olamfik ta Munik a 1972, ga kuma ta'addancin ƙungiyar Baader-Meinhof, Jamus ta Yamma ta ga Walther PP da PPK masu ɗan harsashi 7.65mm ba za su iya ba. Aka yi gwaji a tsakiyar shekarun 1970, guda uku suka haye: Walther P5, SIG Sauer P225 da aka raɗa wa P6, da Heckler & Koch P7. Kowace jiha ta zaɓi tata. Da suka tsufa, dubbai daga cikinsu suka tsallako Amurka. Haka Beretta 92S ta Italiya, Star BM ta Sifen, CZ 82 ta Cek, da Makarov ta Jamus ta Gabas da aka ƙera a garin Suhl.

To, ga abin da nake so ka riƙe. A wannan fanni ƙarfen kansa ba shi da wuyar samu. Model 10 miliyoyi ne, Glock 22 kuma ba a magana. Abin da ke raba wadda ta cancanci shiga akwatin mai tarawa da wadda kawai bindiga ce ta hannu mai araha, shi ne abin da za ka iya tabbatarwa game da ita. Shaidar kuma hawa uku ce, kuma ba ɗaya suke ba: abin da aka buga a jikin ƙarfen, abin da takarda ta faɗa, sai abin da mai sayarwa ya faɗa da bakinsa. Na ukun kyauta ne, kada ka ƙara ko dala ɗaya a kansa.

Ɗauki Model 10 a hannunka, bayan ka buɗe gangar ka ga da idonka babu harsashi. Juya ta ka dubi ƙasan ƙota: lambar da ke nan ita ce lambar bindigar ta ainihi. Idan ta fara da harafin C, tsakanin 1948 da 1967 aka yi ta. Idan D ne, daga 1968 zuwa wajen 1977. Buɗe gangar ka leƙa cikin lungun da hannunta ke kwanciya, za ka ga an buga MOD. 10-5 ko 10-6 ko makamancin haka. Mai 10-5 siririn bututu gare ta, mai 10-6 kauri, kuma mai kaurin 'yan sanda da yawa suka fi so don tana zama daram a hannu. Sauran lambobin da ke wannan lungu na haɗa sassa ne a masana'anta, sababbin shiga sukan ɗauke su a matsayin lambar bindiga, har a rubuta su a rasit. Dubi inda bututu ya shiga jiki: idan akwai ɗan ƙusa da ya ratsa, kafin 1982 ce. Kwance katakon ƙota ka juya na dama. A tsofaffi za ka tarar da lambar bindigar a ciki, alamar ba a sauya shi ba. Sannan ka karanta lalacewar. Baƙin shuɗin ya koɗe a gefe biyu na baki da gefunan ganga, inda kuben fata yake gogarta kullum. Katakon da ke kallon waje ya sha duka daga ƙofar mota da hannun kujera, na ciki kuwa lafiya lau. Idan na dama ne ya daku, badame ne ya rataye ta. Idan na hagu ne, bahago. Ni wannan goguwar ita ce ta fi jan hankalina a cikin sana'ar gaba ɗaya, domin babu maƙerin da zai iya ƙirƙiro ta yadda shekara ashirin a ƙugun mutum ke yi.

Tambarin runduna shi ne hawa na gaba. Wasu rundunonin masana'anta ce take buga musu, wasu kuma mai kula da ma'ajiyar makamansu ne yake bugawa da hannu, harafi ɗaya bayan ɗaya, shi ya sa za ka ga layin ya ɗan karkace. Misalin da na fi so shi ne na 'yan sandan manyan hanyoyin Kalifoniya. A 1977 aka yi musu Model 68, mai bututu inci 6, da tambarin CHP a jiki. Da aka zo sayarwa, ba a so sunan rundunar ya fita, sai aka sake buga C ta zama O, P ta zama B. Yau idan ka ga OHB a jikin libarba, ka sa gilashin ƙara girma, za ka hangi tsohon harafin a ƙarƙashi. Abin da aka yi don ɓoye asali shi ya koma shaidar asalin. Akwai kuma S&W Victory, masu lamba da ke farawa da V, waɗanda aka ƙera lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Bayan yaƙin sojojin Amurka suka ba 'yan sandan Jamus da ke yankinsu wasu daga ciki, aka zana musu Bavaria Municipal Police ko Bavaria Rural Police. Bindiga guda, ta yi yaƙi, ta yi aikin ɗan sanda a ƙasar da aka ci da yaƙin, ta dawo inda aka ƙera ta. Haka za ka ga RHKP a kan na 'yan sandan Hong Kong zamanin mulkin Ingila, da SPF a kan Webley na Singafo.

Rashin tambari kuma ba ya nufin ƙarya ce. A Niyok, shekara da shekaru ɗan sanda da kuɗinsa yake sayen bindigarsa daga sashen kayan aiki na rundunar, don haka mallakarsa ce, ba ta ɗauke da sunan birni. Wani lokaci lambar bajensa kaɗai za ka gani an buga. Waɗannan ba sa fitowa a ambaliya, ɗaya-ɗaya suke fitowa idan mai ita ya yi ritaya ko magada suka sayar. Rundunar ta fara komawa 9mm a 1993 da Glock 19, SIG P226 da S&W 5946, masu kunama da aka taurara da gangan har nauyin ja ya kai fam 12, amma tsofaffin ma'aikata sun ci gaba da rataya libarba har 2018.

Na Jamus sun fi kowa sauƙin karantawa, don Jamusawa ba sa barin abu ba rubutu. Ka duba P6 da kyau. A gefen marfin sama mai zamewa za ka ga P6, ga NW, wato jihar Nordrhein-Westfalen, ga wata da shekarar da aka karɓe ta. Akwai mikiya da harafin N a ƙarƙashinta, shaidar an gwada ta da albarushin zamani. Kusa da ita alamar gidan gwaji: ganyen itacen oak na Kiel ne, inda ake gwada na SIG Sauer da aka yi a Eckernförde; ƙahon barewa na Ulm ne, inda Walther da Heckler & Koch suke kai nasu. Sai haruffa biyu na shekara: A sifiri, B ɗaya, haka har H bakwai, I ko J takwas, K tara. JA ke nan 1980, KA 1990. Sannan ka dubi gudumar da ke bayan bindigar. Za ka ga an yanke ta kamar ƙugiya, da ɗan tsagi a buɗe. Mutane da yawa suna zaton karyewa ta yi. Da gangan aka yi ta haka: idan bindigar ta faɗi ta bugu da ƙasa a kan gudumar, ƙugiyar za ta lanƙwashe, mai kula da ma'ajiya ya gani ya san dole a bincika cikinta, ko da ɗan sandan ya yi shiru. Irin wannan ɗan abu yana gaya maka yadda runduna take tunani fiye da shafi goma na rahoto. Kada ka bari kowa ya musanya maka ita da gudumar P225 ta kasuwa da sunan gyara.

Duk wadda aka shigo da ita daga waje bayan Dokar Kula da Bindigogi ta 1968 tana ɗauke da sunan mai shigowa da garinsa. Masu tarawa ba sa son wannan rubutu idan ya yi girma ya ɓata fuska, amma a wurina shi ma shafi ne na tarihin, don yana nuna ta wace ƙofa ta shigo. Za ka kuma ga P7 da yawa da ɗan wuri a marfi da aka kankare, inda tambarin jiha yake a da. Kankare tambarin runduna ba laifi ba ne, yana dai rage daraja. Kankare lambar bindiga kuwa babban laifi ne a dokar tarayya, riƙe ta ma laifi ne. Idan ka ga an taɓa lamba, ajiye ka fita, ko nawa aka ce.

Hawa na biyu takarda. Smith & Wesson da Colt duk sun adana littattafan fitar da kaya na fiye da ƙarni guda. Ka aika lamba da hotuna da kuɗin aiki, a aiko maka wasiƙa mai cewa ranar kaza aka fitar da ita, da bututu mai tsawo kaza, zuwa wuri kaza. Roy Jinks ne ya daɗe yana sa hannu a na Smith & Wesson, yanzu gidauniyar tarihin kamfanin ke yin aikin. Idan ka yi sa'a wasiƙar za ta ce kai-tsaye aka aika wa rundunar gari kaza. Sau da yawa kuma sunan babban dillali kawai za ka gani, domin ta hannunsa rundunar ta saya. Ka fahimci iyakar wasiƙar: ranar fita daga masana'anta take faɗa, ba ta san abin da ya biyo baya ba. Duk da haka ita ce alƙali a kan manyan iƙirari. An ce maka Model 13 mai bututu inci 3 ta FBI ce? Gaskiya ne hukumar ta yi amfani da wannan samfuri a shekarun 1980, amma an sayar wa jama'a irinta da yawa, kuma hukumomin tarayya ba su saba sakin makamansu kasuwa yadda rundunonin garuruwa ke yi ba. Ba wasiƙa, ba FBI.

A nan ne nake jin zafi. Na taɓa tsayawa a wani baje-kolin bindigogi ina sauraron wani mai tebur yana gaya wa wani saurayi cewa libarbar da ke hannunsa ta wani jami'i ce da aka kashe a bakin aiki, har da sunan gari. Haruffan da ke bayan ƙotar sababbi ne fil, gefunansu da kaifi, ƙarfen da ke cikinsu fari, alhali duk kewayen ya goge ya yi sumul. Tambarin da ya shekara talatin yana shan gumin hannu, tare yake tsufa da abin da ke kewaye da shi. Abin da ya fi ɓata mini rai ba kuɗin yaron ba ne, a'a, yadda aka mai da mutuwar mutum kayan talla. Kayan buga haruffa araha ne, kowa na iya saye. Saboda haka kafin ka yarda da tambari, ka nemi hotunan wasu na rundunar ka gwada: siffar haruffa, wurin da aka buga, da ko lambobinsu suna kusa da juna, tun da runduna a dunƙule take saye.

Abin da za ka iya ganowa da gaske, yawanci tarihin runduna ne, ba na mutum ɗaya ba, kuma wannan ya isa abin alfahari. Majalisar gari ce take amincewa da sayen makamai da musayarsu, kuma bayanan zamanta a buɗe suke ga kowa. A ciki za ka ga shekarar da aka saya, guda nawa, da shekarar da aka rabu da su. Jaridun gari na lokacin sukan ba da labarin sauyin, wani lokaci har da gardamar da aka tafka. Rahoton shekara-shekara na runduna, gidajen tarihin 'yan sanda, ƙungiyoyin waɗanda suka yi ritaya, duk wurare ne na tambaya, kuma tsohon mai kula da ma'ajiyar makamai idan ka same shi ya yarda ya yi hira, ka tsinci dami a kala. Kana iya rubuta wa rundunar a ƙarƙashin dokar buɗe bayanai ta jihar, amma da yawa sun lalata katunan rabon makamai da daɗewa, wasu kuma ba za su ba da sunan jami'i ba. Idan ka kwance ƙota ka tarar da 'yar takarda da suna a ciki, wanda yakan faru, ka mayar da ita inda take, ka rubuta a littafinka, kada ka watsa sunan bawan Allah a intanet ba da izinin iyalinsa ba.

Kada ka raina tarkacen da ke zuwa da ita. Kwalin da ke da lamba ɗaya da bindigar, 'yar takardar dillali da ke rataye, rasit, kube, duk ka adana. Gidan harsashi ma yana magana: wanda aka rubuta masa cewa na jami'an tsaro da gwamnati ne kaɗai, tsakanin 1994 da 2004 aka yi shi, lokacin da dokar tarayya ta hana sayar wa farar hula sabon gidan da ya wuce harsashi 10. Dokar ta ƙare, amma jihohi irin su Kalifoniya da Niyok suna da tasu iyakar, sai ka kula idan za ka ƙaura.

Game da lafiyarsu, za ka ji ana cewa bindigar ɗan sanda an rataye ta da yawa, an harba ta kaɗan. Yawanci haka ne, tun da jami'ai da yawa ba sa harbi sai ranar gwajin ƙwarewa. Amma a cikin tarin akwai na makarantar horo, waɗanda ɗalibai rukuni bayan rukuni suka yi ta harbawa, kuma daga waje ba lallai ka bambance ba. A libarba, ja guduma a hankali a kowane ɗaki na shidan, ka ji ganga ta kulle kafin gudumar ta kai ƙarshe. Tura gangar gaba da baya, kada ta yi wasa. A Model 19 ka haska fitila a farkon bututu ta ƙasa, inda ƙarfen ya fi siranta, yawan harba harsashi .357 Magnum mai sauƙin kai yana tsaga wurin, kuma idan ya tsage magana ta ƙare. Cire ƙotar roba ka duba ƙarƙashi, nan gumi ke taruwa tsatsa ta ci ƙarfe a ɓoye. A fistol, ɗigon saiti mai haske da dare sinadarin tiritiyom ne, ƙarfinsa yana raguwa da rabi duk shekara 12 da 'yan kai, don haka idan ya mutu ba aibi ba ne, shekaru ne. Sifirin kuma, wato naɗaɗɗiyar wayar da ke mayar da sassa wurinsu, ka ɗauka ya gaji. Kafin ka harba kowace, maƙerin bindiga ya duba ta.

Idan ta zo gida, ka riƙe hannunka. Goge datti, ɗan mai kaɗan, kakin adana ƙarfe, shi ke nan. Kada ka sake mata launi, kada ka bi ta da sanfefa, kada ka cire lambar fenti da aka rubuta a ƙota don jera ta a ma'ajiya. Wanda ya sake wa tsohuwar bindigar aiki launi kamar wanda ya samu tsohon kundin kakansa ne ya goge rubutun gefe don shafin ya yi fes. In dole ka sa sabon sifirin ko sabuwar ƙota don harbi, ka ɗaure tsofaffin a leda da lambar bindigar a jiki.

Akwai wani ɓangare da masu sha'awa ba sa son a taɓo, ni kuwa ina ganin wajibi ne. Wani binciken 'yan jarida da aka fitar a 2024, bisa alƙaluman ATF, hukumar tarayya mai kula da harkar bindigogi, ya nuna sama da bindigogi 52,000 da suka taɓa zama na 'yan sanda an tsince su a wuraren aikata laifi tun daga 2006. Wasu sata aka yi, da yawa kuma ta wannan hanyar musayar suka fita. Shi ya sa wasu garuruwa suka daina sayarwa; Honolulu ta narkar da fistol ɗinta na Smith & Wesson sama da 2,000 a 2015 maimakon ta kai su kasuwa. Mai tarawa yana jin ciwon narkarwar, amma hujjar masu yin ta ba ta banza ba ce. Abin da ke hannunka shi ne kada taka ta shiga wannan lissafi. Akwatin ƙarfe mai makulli da aka ɗaure da ƙasa ko bango, harsashi a wani wuri dabam, musamman gidan da ke da yara da baƙi masu shiga da fita kamar gidajenmu. Ka ajiye jerin lambobi da hotuna a wajen akwatin, idan an yi sata ka kai rahoto ranar. Ranar da za ka sayar, ka bi ta hannun dillali mai lasisi ko da dokar jiharka ba ta tilasta ba. Ka kuma sanar da iyali abin da za su yi da su idan ta Allah ta kasance.

Ka ce daga ina za ka fara. Kada ka bi araha ka kwaso guda biyar marasa alaƙa. Zaɓi zare ɗaya ka bi: ko runduna guda daga libarbarta zuwa fistol ɗinta, ko ukun Jamus, P5 da P6 da P7, ko samfuri ɗaya da tambura daban-daban. Da ni ne, da Model 10 mai tambari bayyananne zan fara, in nemo mata wasiƙar masana'anta, in bi bayanan majalisar garin har in san shekarar shigarta da ta fitarta, kafin in ƙara ta biyu. Glock 22 ɗin da ka gani kuwa, yawancinsu ba su da wata alama, bindigogin harbi ne masu kyau kawai. Ka tambayi mai shago ko akwai mai tambarin runduna a marfi ko mai haruffan runduna a cikin lambarta, ka roƙe shi takardar da ta zo da kayan. Idan abin ya kama ka sosai, akwai lasisin mai tara kayan tarihi na tarayya, dala 30 na shekara 3, wanda ke ba ka damar karɓar bindigar da ta kai shekara 50 kai-tsaye daga wata jiha, da sharaɗin ka riƙe littafin shiga da fita. Model 10 masu harafin C duk sun kai wannan shekaru, masu D ma yawancinsu sun kai.